Yadda Muka Ba da Mota Kiwo a Bronx

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a cinya, ku ba ni aron kunne. Ga ta nan tafe a kan ƙafa huɗu, tana ɗan tari saboda tsufa.

Na zo New York ne lokacin shugaban nan baƙar fata yana kan kujera. Ɗana ne ya sa aka ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau bayan rasuwar mahaifinsa, wai in zo in huta. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ba kuma yau zai fara ba. Nas ne a wani asibiti. Matarsa tana kula da tsofaffi a gidajensu. Suna da yara biyu masu jin Hausa da kunne su mayar maka da amsa da Turanci. Gidan yana Bronx, a unguwar da ake kira Concourse Village, can sama inda tattabaru suke wucewa ta ƙarƙashin taga.

Hutun da aka kira ni in yi, zaman taga ne. Da safe kowa ya fice, sai ni da agogon bango. In leƙa ƙasa in ga kawunan mutane kamar an watsa wake a tabarma, ba wanda zan ce wa ina kwana.

Sau ɗaya aka shiga da ni jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muka yi ta sauka a matakala, gwiwata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, iska mai zafi ta bugo ni, sannan wani ruri ya taso daga cikin duhu. Da muka fito na gaya wa ɗana cewa rami ɗaya ne ya rage mini in shiga a duniya, shi ma ɗauke ni za a yi, ba da ƙafata zan sauka ba. Bas kuwa tana fizgar mutum tun bai zauna ba, lambobin goshinta kuma duk kama suke mini. Saboda haka duniyata a garin nan mota guda ce.

Doguwa ce, ruwan toka, mai ƙofar da ake ja gefe, da kujeru layi uku. Ta hannu ya saya, ta riga ta sha hanya kafin ta zo gidanmu. Ƙirar Japan ce. Ran Lahadi ita ke kai mu majami'a a Harlem, inda ake sujada da Hausa, in ga matan zumunta, in yi waƙa har muryata ta dushe. In an tashi mu biya shagunan mutanenmu, in shinshina daddawa, in murza kuka, in yi ciniki ko da ba zan saya ba. Da wannan rana guda nake cin sauran kwanakin mako.

Wata Lahadi muna tsaye a cunkoson gada, na ce da ɗana kukan injin nan yana tuna mini da a-kori-kurar mahaifinsa, wadda ta yi shekaru tana kai buhunan masara kasuwa, da mata da kaji a sama. Ya ce ai gida ɗaya ne ya ƙera su. Da ya ga motocin gabanmu ba su da niyyar motsi, sai ya ba ni tarihin gidan, ni kuma ga shi yadda na riƙe.

Wai a can Japan an yi wani ɗan kafinta a wani ƙauye, yana zama yana kallon uwarsa tana saƙa, bayanta a lanƙwashe tun safe har yamma. Abin ya dame shi. Ya yi ta sassaƙa katako yana ɓatawa, mutanen gari suna cewa yaron nan ba zai yi amfani ba, har ya ƙera masaƙa mai sauƙi. Bai tsaya nan ba, ya ƙera mai tafiya da kanta. Abin da ya fi kama ni shi ne, in zare ɗaya ya tsinke, masaƙar sai ta tsaya cak, ba ta ci gaba tana ɓata tufa. Ɗansa kuma ya tafi ƙasashen Turawa ya ga motoci, ya dawo ya ware wani lungu a gidan ƙirar masaƙa ya fara haɗa mota. Yaƙi ya zo, wahala ta zo, gidan ya kusa rufewa. Motar farko da suka aiko Amurka ma kunya ta ba su, don da ta hau manyan titunan nan sai ta riƙa haki tana zafi. Ba su yi musu ba. Suka koma suka zauna suka gyara, suka sake dawowa. Ya ce har yau a gidan ƙirarsu, in ƙaramin ma'aikaci ya ga abu ba daidai ba, yana da ikon jan igiya aiki ya tsaya sai an duba.

Har muka sauka daga gadar ina tunanin gida. Innata masaƙiyar gwado ce. Masaƙarta tana jingine da bangon ɗaki, a gindinta na yi rarrafe. In zare ya tsinke, ko tukunya tana ƙonewa ba ta tashi, sai ta lashi yatsa ta murza bakin zaren ta ƙulla tukuna. Na shafa kujerar da nake kai, na ce ashe 'yar gida ce. Daga ranar nake gaishe ta in zan shiga, in na fito kuma in ce mata sannu da hanya. Jikokina suka yi dariya har suka gaji suka daina.

To, garin nan yana da wata al'ada. Ba kowa ke da garejin ajiye mota ba, a bakin titi ake kwanar da su, hanci da wutsiya. Kwana biyu a mako, a gefenmu Litinin da Alhamis, da hantsi, dole kowa ya janye motarsa, don wata babbar motar hukuma ta wuce. Masu motoci sai su fito, wani da kayan barci, su tsallaka ɗaya gefen su jera kusa da waɗanda suke can, su zauna a ciki suna jira. In ta wuce, kowa ya ruga ya koma. Wanda bai janye ba, sai a maƙale masa takardar tara a gilashi, cikin ambulan ruwan lemo. Tikiti suke ce mata.

Muddin ɗana yana aikin yamma, ba mu da damuwa. Shi ke fita ya yi wannan zaman. Sai aka mayar da shi aikin safe. Matarsa ba ta tuƙi. Asibitin kuma ba wurin ajiye mota, da jirgi yake zuwa. Ya zama in ya dawo a gajiye, sai ya hau zagayen unguwa yana neman gurbi a gefen da ba za a taɓa ba washegari, shi da duk sauran masu aikin safe na Bronx. Wata rana ya samu, wata rana ya rasa. Ambulan ruwan lemo suka fara taruwa a kan firij.

Matar ɗana ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan. Ita ke shafa mini man zafi a gwiwa. Amma ita ce ta fara faɗa, cewa motar da ake hawa rana ɗaya a mako tana cinye musu kwanciyar hankalin sauran kwanakin, gara a rabu da ita. Ta juyo ta ce kada in damu, wani lokaci za a riƙa ɗaukar mini tasi zuwa majami'a. Na ce to. Na girme wa "wani lokaci", na san inda yake ƙarewa. A taga yake ƙarewa.

Ba a jima ba wani dillali ya zo, mutumin Nijar, mai loda tsofaffin motoci a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ya zagaya ta, ya shuri taya, ya buɗe gaba ya saurara. Ya ce irin wannan a gida ko makaniken ƙauye ya san hanjinta, ba ta kwana a kasuwa. Ya ce ƙarshen wata zai sami wuri a kwantena, ya zo ya ɗauka. Ɗana ya amsa masa yana kallon ƙasa. Da muka hau sama ya ce da ni, da akwai wanda zai riƙa janye ta a kwanakin nan biyu, da ba zai sayar ba.

Na ce, "Wai ita babbar motar da ake gudu, me take zuwa yi?"

Ya ce, "Shara, Mama."

"Shara kawai?"

"Shara kawai."

Ran Lahadi da muka fito na duba allon da ke bakin titi da kyau. Ban yi boko ba, rubutun bai ce mini komai ba, amma ga hoton tsintsiya nan a jiki, ba ya buƙatar mai fassara. Na yi tunani irin na mai hankali. Hukuma tana son gefen titi da tsabta. Mota ta tare wuri, ba a iya share ƙarƙashinta, shi ya sa ake fushi. To in aka zo aka tarar wurin a share, fushin me ya rage? A garinmu in dagaci ya sa ranar gyaran gari, wadda ta share ƙofar gidanta tun da sassafe ba ta da magana da kowa.

Ina da tsintsiyar kwakwa da na zo da ita daga gida a ƙasan jaka, matar ɗana ta sha cewa in yar, akwai injin zuƙar ƙura. Ran Litinin, da gida ya watse, na ci ɗamara, na ɗauki tsintsiya da abin kwashe shara da robar ruwa, na shiga lif. Ranar ta zo daidai da Babbar Salla. Ina shara masu dawowa daga idi suna wucewa cikin shadda da turare, ina yi musu barka da salla, suna amsawa suna waiwayena. Na share gaban motar da bayanta. Na durƙusa da wannan gwiwar tawa na zura tsintsiya har ƙarƙashi, na fito da gwangwanaye da guntayen sigari da safar yaro guda. Na yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Da na ga akwai sauran ƙarfi, na ƙara wa motar gaba da ta baya, don zaman tare.

Babbar mota ba ta zo ba. Mai tikiti bai zo ba. Na lura ko mota ɗaya ba ta janye ba a layin nan, na ce a raina to, yau kun ci albarkacina. Na koma sama na sha shayi kamar matar da ta gama biki. Ban gaya wa kowa ba, don ina son in sake gwadawa, in na zo da magana in zo da ita a tsaye.

Ran Laraba da yamma ɗana ya yi zagayensa ya rasa gurbi, ya mayar da ita inda take. Ya ce su rubuta, ai saura kaɗan a huta. Na sunkuyar da kai kada ya ga fuskata.

Alhamis na yi sharar da ta fi ta farko. Har layi-layi na bari a ƙasa, irin wanda bakin tsintsiya ke zanawa in mace ta san hannunta. Na koma na sa zanen zuwa majami'a, na sauko da kujerata 'yar tsugunno, na zauna a gefen motar, tsintsiya a cinya. Sai na ga yau abin dabam ne. Ɗaya bayan ɗaya masu motoci suna fitowa suna tsallakawa. Kafin wani lokaci gefenmu ya zama wayam, sai motarmu, 'yar masaƙa, ita kaɗai, da ni. Daga can cikin motocinsu suna leƙena. Na gyara zama.

Babbar motar ta taho tana gurnani, da wasu buroshi biyu masu juyawa a ƙasanta. Da ta iso ta yi ƙaho, na ɗaga mata tsintsiya na nuna mata wurin. Ta karkace ta zagaye mu, ta watso mini ganye da ƙura a kan sharata, ta wuce. Na bi bayanta da kallo. Sharar ragwaye ce. Da 'yata ce ta yi mini irinta, da ta sake.

Ina cikin gyara ɓarnar sai ga mai tikiti, mace ce, baƙa, gajera, da hula da wani ɗan inji a hannu. Na miƙe na gaishe ta da Hausa, tunda gaisuwa ba ta ɓata a kowane harshe. Na kama hannun rigarta a hankali na zagaya da ita, na nuna mata gaba da baya, na sa ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi. Ta leƙa kuwa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi tsintsiyar, ta yi wata doguwar magana tana danne dariya. Injin nan nata ya riga ya fara fitar da harshe.

Sai na ji an ce daga bayana, "Inna, mi kike yi haka da ma'aikaciyar gwamnati?"

Wata mata ce, za ta yi sa'ar ƙanwata ta uku, doguwa, da lulluɓi, hannuwanta da jan lallen salla. Tana tura wani keken kanti da aka ɗaure wa manyan jakunkuna, ƙafarsa ɗaya ta karkace yana tafiya kamar kaguwa. Daga jin harshenta na san mutuniyar Maraɗi ce. Na ce Allah ya kawo ki, Hajiya, gaya wa yarinyar nan an riga an share.

Hajiya ta gaya mata. Suka yi magana, su biyun suna kauce wa idona. Sannan ta juyo ta ce wai ma'aikaciyar ta ce tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa ganin gefen titi mai tsabta irin wannan ba, amma doka cewa ta yi a janye mota, ba ta ce a share ba, kuma takarda in ta fito ba ta komawa. Yarinyar ta sa ambulan a gilashi da hannu biyu, ta ɗan rusuna mini, ta tafi kafaɗunta suna rawa.

Na ce ba haka aka yi ran Litinin ba, ran Litinin sun karɓi sharata. Nan Hajiya ta saki keken ta zauna a bakin titi. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen lulluɓi.

Ta ce, "Inna, Litinin Salla ce. Garin nan duk ranar babban biki, namu ko naku ko na Yahudawa, ana ɗage shara. Albarkacin ragonmu kika ci."

Na ce, "Ni da na zaci su suka ci nawa."

Ta ce, "Ana ta hwaɗa mana mutanen Zazzau wayo gare su. Yau na gani da idona."

Na ce mata ta yi dariyarta, ai wanda ya taso da raƙumi ba zai san ciwon mai mota ba. Ta ce raƙumi? Ita da ta yi shekaru tana tuƙa motar kaya tsakanin Maraɗi da Yamai tun kafin ta zo nan, kuma da zuwanta mijinta ya sa ta yi permi na garin nan. Na tambayi mene ne permi, ta ce abin da mu 'yan Najeriya muke kira lasin. Mijin direban tasi ne, motarsa ba ta zama gida. Ita tana kasa huluna da safar hannu da lema da gyale a tebur, a bakin wata tasha. Kwana biyu a mako take zuwa sari can cikin gari, ta jawo jakunkunan nan ta matakalar jirgi, har kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Na dubi keken. Na dubi 'yar masaƙa. Kunyar da ta rufe ni ta ɗan yaye.

Na ce, "Hajiya, a garinku ana ba da kiwo?"

Ta ce wane gari ne ba a bayarwa. Ku yaran yanzu ba lallai ku sani ba. In mace tana da akuya amma ba ta da wurin ɗaure ta ko ƙarfin yi mata ciyawa, ba ta kai ta kasuwa. Sai ta nemi wata mai amana ta ba ta kiwo. Mai kiwo ta ci da ita ta shayar da ita, ta amfana da takinta, in ta haihu a raba 'ya'ya. Uwar kuwa tana nan ta mai ita. Na zayyana wa Hajiya halin da ake ciki, har da dillalin Kwatano. Da na kwatanta shi, ta ce ai ƙanen mijinta ne, wannan a bar ta da shi.

Da ɗana ya dawo na bari ya ci tuwo tukuna. Sannan na ajiye masa ambulan a gabansa, na ba shi labarin tun daga Litinin. Ya sa hannu ya rufe fuska. Matarsa ta shige kicin, ina jin ta buɗe famfo don ya rufe mata murya. Na jira su da haƙuri, don ban ga abin dariya ba a lokacin. Da suka natsu na kawo maganar kiwo: Hajiya ta janye motar Litinin da Alhamis, in shara ta wuce ta je sarinta da ita, ta zuba man da ta ƙona. Lahadi kuwa ta majami'a ce, ba mai taɓawa.

Ya ce, "Mama, mota fa ba akuya ba ce."

Na ce, "Tana ci, tana sha, tana ciwo, tana son a san inda ta kwana. Haihuwa ce kawai ba ta yi, wannan ma ya rage rigimar rabo."

Ya kawo maganar inshora, da cewa bai san matar ba, da cewa ya riga ya ba dillali baki. Na ce masa ni ma ban san kowa ba a garin nan, shi ne ciwon. Ban taɓa faɗa masa haka ba sai ranar. Na ce in motar nan ta shiga jirgin ruwa, ya nema mini wuri a kujerar baya, don na gaji da ƙirga tattabaru. Matarsa ta fito tana goge hannu, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce a kira matar a gani.

Ran Asabar da rana Hajiya ta zo da mijinta, da kwano cike da soyayyen naman layya. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida har kakanni. Ta fito da permi ɗinta, ɗana ya juya shi gaba da baya. Sannan muka sauka gaba ɗaya. Ta shiga ta ja kujera gaba, ta yi bisimilla, ni na yi tawa addu'ar a baya, motar ta samu biyu. Ta zagaya da mu unguwa a natse, tana ba mijinta amsa yana yi mata gyaran da ba ta nema ba. Da muka dawo wani ya cinye gurbinmu, sai wani ɗan tsukin wuri tsakanin motar kaya da wata jar mota. Ɗana ya ce ba za ta shiga ba, shi ya san tsawon motarsa. Hajiya ta ɗora hannu a bayan kujera, ta waiwaya, ta zura ta a tashi ɗaya kamar ƙoshiya a cikin zare. Ta kashe inji ta miƙa masa makulli.

Bai karɓa ba. Matarsa ta ce a gwada wata guda. Shi kuma ya ce Litinin zai kira mutanen inshora a sa sunan Hajiya. Dillali ya zo a ƙarshen wata kamar yadda ya ce, ya tarar da matar wansa zaune a mazaunin direba tana cin goro. Ya ce mata an yi masa fashi da rana tsaka, kuma a cikin dangi. Ta ce ya je ya kai ƙara Kwatano.

Watan gwaji ya wuce ba wanda ya tuna da shi. Litinin da Alhamis na zama 'yar rakiya. Da hantsi in sauko da kunu a fulas, Hajiya ta tsallakar da mu, mu ja ƙofa gefe mu zauna. Ba a daɗe ba wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi ta fara leƙowa, sai wata matar zumunta da ke aikin dare tana dawowa ta nan. Kujeru layi uku suka zama zaure. A nan ake jin wa ya haihu, wa ya sami takarda, wane shago ne ke cuɗa garin rogo a cikin na doya. In babbar mota ta taho, ni ke fara hango ta, in ce ga raguwa nan. Ta wuce, mu koma gurbinmu ko mu ɗauki hanyar sari. A shekarun nan na ga garin fiye da ɗana mai iya karanta allon titi. Na ga teku, na ga gadoji masu igiya, na ga unguwar Sinawa inda ake sayar da kwaɗi da rai.

Ga yadda kowa ya ƙare.

Hajiya ta bar tebur ta kama ɗan shago a Harlem, da ƙofar gilashi. Kafaɗunta sun daidaita. Har yau ba ta gabatar da ni ga baƙo ba tare da ta ce ga matar da ta share New York ba.

Mai tikiti ta ci gaba da bin layinmu har aka canza mata unguwa. Duk sanda ta hango ni sai ta lanƙwasa ta yi kamar tana shara, ni kuma in ɗaga mata kofin kunu.

Matar ɗana ta zauna a zauren nan wata Alhamis da ba ta da aiki, ta ga abin ba wuya, Hajiya ta rarrashe ta ta shiga makarantar tuƙi. Yanzu ita ke kai mu majami'a, ɗana yana gefe yana taka birkin da babu shi.

'Yar masaƙa ta yi mana shekaru. Wata Lahadi, mun iso ƙofar majami'a ke nan, wata fitila ta kama a gabanta, ta yi tari sau biyu ta tsaya. Ɗana ya so ya matsa mata, na ce ya bari, zare ne ya tsinke, halin gidansu ne. Makanike ya ce gyaran a nan ya fi kuɗinta, amma a gida wasa ne. Dillali ya zo yana murmushin wanda ya daɗe yana jira, ya ɗauke ta. Hajiya ta nuna mini hotonta a waya bara, an yi mata fenti fari, tana jigilar mata da buhunan albasa a ƙasar Maraɗi, da akuya biyu ɗaure a samanta.

Ɗana ya sayi wata daga gidan masaƙan, irin mai cin mai da batir a haɗe. Tana tashi shiru kamar ɓarawo, ba ka sanin ta kama. Na ce motar da ba ta gyaran murya in za ta shigo ba ta da tarbiyya, amma tunda jinin gidan ce na karɓe ta. Ita ma kiwo take.

Tsintsiyar tana bayan ƙofa, bakinta ya cinye. Ni kuwa ga ni, gwiwa ta ƙara tsufa, taga kuma na bar wa tattabaru. Nan ta taka birki, mai sauka ya sauka, ya ja mini ƙofa a hankali.